Amsa ga ɗalibin zango mai son aikin gwamnati: fara da tambayar inda aka haifi kakarka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu amsa wa ɗanmu ɗalibin nan da ya rubuto kwanakin baya. Ya ce yana shekara ta biyu a jami'a a nan Kumasi, mahaifinsa ya zo daga ƙasar Hausa yana saurayi, shi kuma babu abin da yake so kamar ya shiga aikin gwamnatin Gana, in Allah ya nufa har ya kai teburin da ake yanke shawara. Waɗanda suka amsa masa sun yi masa addu'a, sun ce ya dage da karatu. Mun ce amin. Sai dai mu da muka tsufa a cikin fayil-fayil mun san cewa yaron zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Gana, da ya kai jami'a ba kasafai karatu ke kayar da shi ba. Takarda ke kayar da shi, kuma yawanci a ranar da babu sauran lokacin gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka za mu yi masa magana kai tsaye, da shi da ire-irensa na Aboabo da Asawase da Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, maza da mata.

Ɗanmu, abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne cewa haihuwa a Gana ita ke mai da mutum ɗan Gana. Ba haka dokar ƙasar nan take ba. Tsarin Mulkin 1992, sashe na 6, ya ce wanda aka haifa bayan tsarin ya fara aiki, a cikin Gana ko a waje, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Gana ne, ko ya kasance ɗan Gana kafin rasuwarsa. Ka lura da faɗin ƙofar: uba, uwa, kakanni huɗu. Mutum shida ke nan, kuma ɗaya kaɗai kake bukata. Mu Hausawa mun saba da bin dangin uba, shi ya sa yaro zai zauna yana kiran kansa baƙo saboda babansa Bakano ne ko Bakatsine, alhali mahaifiyarsa 'yar Salaga ce ko Yendi ko Wenchi, ta gāji ƙasar kaka da kakanni. A idon doka wannan yaron ɗan Gana ne ta haihuwa, daidai da kowane ɗan Manhyia, fadar sarkin Asante. Akwai kuma akasinsa: wanda aka haifa a Asawase, ya yi firamare da sakandare a nan, Tonanci, wato Twi, a bakinsa kamar ruwa, amma uwa da uba da kakanni duk daga Maraɗi ko Sakkwato suka zo, ba wanda ya taɓa karɓar zama ɗan ƙasa. Wannan baƙo ne a takarda, komai zafin maganar.

To yaya ake gane ko kakar ita kanta 'yar ƙasa ce? Nan ne aikin yake. Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta shekarar 2000, mai lamba 591, ta raba mutane bisa lokacin haihuwarsu, kuma iyakokin su ne 6 ga Maris 1957, da 22 ga Agusta 1969, da 24 ga Satumba 1979, da 7 ga Janairu 1993. Kowane zango na lokaci da sharaɗinsa. Wanda ya fi shafar kakannin ɗaliban yau shi ne na farko: wanda aka haifa kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan a Gana aka haife shi kuma an haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a Gana, ko kuma an haife shi a waje amma ɗaya daga iyayensa haifaffen Gana ne. Mu ɗauki misali. Kakarka ta wajen uwa an haife ta a zangon Kumasi a 1948. Babanta fataken goro ne daga Kano, amma mahaifiyarta a Kete Krachi aka haife ta. Shi ke nan, kakar ta cika sharaɗi, kai ma ka shiga ta kanta. Da a ce iyayenta biyu da kakanninta duk a Kano aka haife su, haihuwarta a Kumasi kaɗai ba ta isa ba, sai ka koma ka duba sauran mutum biyar ɗin. Sau da yawa amsar tana bakin wata tsohuwa da ke zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Kada ka yi mamaki idan ka tambaya ka ga tsofaffi sun yi shiru ko sun kawar da zance. Suna da dalili. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Ahmadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi, zuwa Nijeriya. Suna gaban kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu. Sai kuma 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Gidaje sun rabu, an sayar da kaya a wulaƙance, wasu sun ƙone takardun da ke nuna asalinsu, wasu sun sauya suna. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya son tambayar "ina aka haife ka". Ka lallaɓa su, ka nuna musu cewa wannan karon tambayar don shiga ce. Hausawa sun daɗe a ƙasar nan tun zamanin cinikin goro a Gwanja, tun kafin yaƙin Salaga na 1892 ya watsa su zuwa Kumasi da Kete Krachi da Akra, don haka gidajen da ke da tushe sun fi yadda yara ke zato yawa.

Sai maganar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Hukumar NIA mai bayar da katin tana karɓar takardar haihuwa, ko fasfo mai rai, ko takardar shaidar karɓar zama ɗan ƙasa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ɗan'uwansa guda mai katin zai iya tsaya masa da rantsuwa, in babu ɗan'uwa sai mutum biyu na unguwa da suka san shi, a gaban mai karɓar rantsuwa. Amma ka sani takardar haihuwa ba ta rufe bakin mai tambaya. Kotun Ƙoli ta faɗa a hukuncinta na 2020 kan rajistar masu zaɓe cewa takardar haihuwa ba ta tabbatar da wane ne ke riƙe da ita. Shi ya sa jami'i zai tambaye ka garinku, garin uwarka, garin kakanka. Yaranmu kan faɗi a nan ta hanya biyu. Wani ya ce "Nima" ko "Aboabo" ya tsaya, jami'in ya ce wannan unguwa ce, ina asalinku, sai yaro ya fusata a yi cacar baki. Wani kuma tsoro ya sa ya ari gari, ya ce Bawku ko Tamale, wurin da bai taɓa takawa ba, aka tambaye shi sunan gidansu a can ya rasa. Amsar da ke tsayawa ita ce wadda ka shirya da gaskiyarta: sunan mahaifiyata wance, an haife ta a wuri kaza, uwarta wance an haife ta a wuri kaza, ga lambar katinta. Ba ka bukatar zama ɗan wata ƙabila ta musamman, domin Tsarin Mulki bai lissafa ƙabilu a sharaɗin zama ɗan ƙasa ba. Ka faɗi wannan cikin ladabi, in an ƙi ka nemi ganin babban jami'i, ka kuma rubuta ƙorafi ka riƙe kwafi.

Wanda kuwa ya san shi baƙo ne ya je ya sayi rantsuwar ƙarya, muna ba shi shawara ya sake tunani. Katin zai iya fitowa. Zai yi masa rajistar layin waya, ya buɗe masa asusun banki, har ya sa ya biya kuɗin makaranta na ɗan ƙasa maimakon dala. Amma mai burin babban muƙami ba kamar mai shago ba ne. Duk matakin da ya hau, binciken na ƙara zurfi, masu neman kujerar kuma na ƙara yawa, kuma maƙwabcin da ya san ranar da babanka ya sauka a tasha yana nan da ransa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Laifin ba a kanka kaɗai zai tsaya ba, har da dattijon da ya ɗaga hannu ya rantse dominka.

Yanzu abin da ya fi cin yaranmu, har waɗanda ba su da matsalar asali ko kaɗan: suna. Ɗauko takardunka duka ka shimfiɗa a kan tabarma. Takardar haihuwa ta ce Muhammad Abubakar Sani. Malamin firamare ya rubuta Mohammed Bukari, haka ya tafi a BECE, jarrabawar ƙaramar sakandare. A WASSCE, jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, ka zama Abubakar Mohammed. Jami'a ta ɗauki na WAEC. A Ghana Card ka ce a sa Mohammed Sani Abubakar don ya yi daidai da fasfon da ka yi na Umara. Mutum ɗaya, suna huɗu. Haka Abdullahi ke zama Abdulai, Usman ya zama Osman ko Osmanu, Sulaiman ya zama Sulemana, Hauwa'u ta zama Hawa. A gida duk ɗaya ne. Kwamfuta kuwa ba ta san Bukari shi ne Abubakar ba. Ranar da jami'a ta aika jerin sunayen masu kammalawa zuwa hukumar bautar ƙasa, aka gwada da abin da ke kan katinka bai hau ba, sai rajistarka ta maƙale, abokanka su karɓi wurin aiki kai kana yawo tsakanin ofisoshi. Gyaran yana da hanya: ka zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya da jeri ɗaya, kuma mafi sauƙi shi ne ka bi wanda ke kan takardar WAEC, domin ita ce ta fi wuyar taɓawa bayan sakamako ya fito. Ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan naka ne, ka kai a buga a gazet ta gwamnati wadda maɗaba'ar gwamnati ke fitarwa a Akra, sannan ka ɗauki kwafin gazet ɗin ka bi NIA da ofishin rajistar jami'arka. Ka yi wannan a bana, kada ka bari sai shekarar ƙarshe. 'Yan mata kuma, kada ɗokin aure ya sa ki ɗora sunan miji a kati alhali takardun makaranta na ɗauke da sunan mahaifi. Addini bai nema ba, ofis ma bai nema ba.

Ranar haihuwa ta fi suna tsauri. An rage wa yaro shekara biyu a firamare don kada a ce ya girma, ko kuma ba a san ranar ba aka rubuta 1 ga Janairu. Takardar rantsuwa ba ta cika warware wannan ba, saboda gwamnati na kallon sauyin shekaru da zargi: ritayar dole a shekara 60 take bisa sashe na 199, kuma ranar da ka shigar ranar ɗaukarka aiki ita za ta bi ka har SSNIT, asusun fanshon ma'aikata. Idan akwai saɓani, nemo hujja mafi tsufa, kamar katin awon jarirai na asibiti ko rajistar shiga firamare, ka gyara tun kana ɗalibi.

Mu koma ga wanda ya bincika ya tarar shi baƙo ne da gaske. Hanya ba ta toshe ba, doguwa ce kawai. Dokar 591 ta ba da damar neman zama ɗan ƙasa ta hannun Ministan Cikin Gida, da amincewar Shugaban Ƙasa. Sharuɗɗan su ne ka zauna a Gana wata 12 a jere kafin ranar nema, kuma cikin shekara 7 da suka gabaci waɗannan watannin ka zauna jimlar shekara 5 aƙalla. 'Yan Gana biyu daga cikin lauyoyi ko masu hatimin shaida ko manyan ma'aikatan gwamnati su rubuta shaidar halinka. Ba a taɓa ɗaure ka ba. Kana jin wani harshe na asalin Gana kana kuma magana da shi. Kana da abin da za ka amfani ƙasa da shi. Ka saje da rayuwar mutanen ƙasar. Kana nufin zama dindindin. Kuma a ranar da ka miƙa takarda kana da izinin zama mai rai. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutanenmu. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ka ka shigo ba biza, ba ta ba ka zama ba. Mutum zai yi shekara ashirin a Aboabo bai taɓa taka ofishin shige da fice ba, ranar da ya tashi nema ba shi da takarda ɗaya da ke nuna zamansa bisa doka. Ɗalibi yana da sauƙi a nan: karɓi wasiƙa daga jami'a, yi katin baƙi na NIA, wanda aka daɗe ana biyan dala 120 a karon farko da dala 60 na sabuntawa duk shekara, ka nemi izinin zama na ɗalibi, ka riƙa sabuntawa ba tare da giɓi ba, kana ajiye kowace tsohuwar takarda. Shekara huɗun digiri su ne farkon lissafinka. 'Yan Nijar kuma su ƙara kula, tunda ƙasarsu da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ƙarshen Janairun 2025, bai kamata a jingina da sassaucin da ba a san ranar ƙarewarsa ba.

A kan sharaɗin harshe, kada ka dogara da Hausa. Ana jin ta daga Bawku har Takoradi, gidan rediyon gwamnati na watsa shiri da ita, amma ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke aiki da su. Kana Kumasi, ka gyara Tonancinka ya wuce na ciniki a Kejetia. Na Akra ya kama Ga ko Twi. Sannan idan mahaifi ne ya samu takardar, zai iya neman a yi wa 'ya'yansa da ba su kai shekara 18 ba rajista, don haka ƙannenka na iya cin moriyar abin da ya wuce ka. Sai dai ka san iyakar wannan hanya tun yanzu: wanda ya karɓi ƙasa ta nema ba zai zama Shugaban Ƙasa ba, domin sashe na 62 ya ce sai ɗan ƙasa ta haihuwa mai shekara 40, kuma sanarwar ɗaukar soja da 'yan sanda da jami'an shige da fice kan sa sharaɗin ɗan ƙasa ta haihuwa. Ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi da koyarwa da lafiya a buɗe suke gare shi.

Akwai wani tarko da ɗalibin da ya rubuto ya fi kusa da shi, kuma ba ma jin ya sani. Idan babanka ɗan Nijeriya ne, tsarin mulkin Nijeriya ya ɗauke ka ɗan Nijeriya ta haihuwa ko da a waje aka haife ka, ko ba ka taɓa riƙe koren fasfo ba. Idan kuma uwarka 'yar Gana ce, kai mai ƙasa biyu ne. Gana ta halatta wannan tun gyaran Tsarin Mulki na 1996, amma sashe na 8 ya hana mai ƙasa biyu zama jakada, ko Sakataren Majalisar Ministoci, ko Babban Hafsan Tsaro da shugabannin rundunoni, ko Sufeto Janar na 'yan sanda, ko shugaban kwastan, ko shugaban shige da fice. Dokar 2000 ta ƙara wasu muƙamai a kan waɗannan, Kotun Ƙoli ta soke ƙarin a 2024. Wanda ya fi ciwo shi ne sashe na 94: wanda ke da mubaya'a ga wata ƙasa ba zai zama ɗan majalisa ba, kuma wanda bai cancanci majalisa ba bai cancanci minista ba. Marigayi Adamu Dramani Sakande na Bawku ta Tsakiya an yanke masa ɗaurin shekara biyu a 2012 a kan wannan magana. James Gyakye Quayson na Assin ta Arewa ya nemi ajiye ƙasarsa ta Kanada, amma takardar tabbaci ba ta fito ba sai bayan ya miƙa takardun takarar 2020. A 2023 Kotun Ƙoli ta ce a goge sunansa daga majalisa, sai da ya sake tsayawa zaɓen cike gurbi ya ci. Abin lura a shari'arsa shi ne lokaci. Neman ajiyewa daban, takardar da ke cewa an karɓa daban, kuma ita ake so a hannu ranar miƙa fom. Ana ta maganar sassauta waɗannan sassa, amma kada ka gina gida a kan dokar da ba ta fito ba. Ga ƙaramin ma'aikaci ƙasa biyu ba laifi ba ne. Ranar da ka fara hangen majalisa, ka je ka ga lauya shekara biyu kafin zaɓe.

Hanyar shiga aikin kanta ba ta da wani sirri. Kammala digiri, yi bautar ƙasa ta shekara ɗaya, karɓi takardar shaidarta, domin ba a ɗaukar mai digiri aikin gwamnati ba tare da ita ba. Alawus ɗin da aka tsayar a 2023 sidi 715 ne da 'yan pesuwa, kuma yakan yi jinkiri, don haka ka tanadi abin da za ka ci. Yaran zango kan bi ta bayan fage a sauya musu wurin aiki zuwa kusa da gida. A ganinmu asara ce. Shekara ɗaya a ofishin gunduma, inda kai ne ke rubuta bayanin taro da wasiƙa da rahoton kasafi, ta fi shekara ɗaya a babbar ma'aikata kana sayo wa mutane waake. Bayan nan Ofishin Shugaban Ma'aikatan Gwamnati kan buɗe shafin nema, a yi jarrabawar shiga ta masu digiri, a shekarun nan ta intanet, sai ganawa. Mai digiri a ɓangaren mulki yana farawa ne a matsayin Mataimakin Darakta IIB, sai IIA, sai I, sai Muƙaddashin Darakta (Deputy Director), sai Darakta, ƙololuwa kuma Babban Daraktan ma'aikata, yawanci da aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki. Ƙananan hukumomi na da nasu tsarin ɗauka daban, ga majalisun gundumomi 261 a jihohi 16, kuma a can ne gurbi ya fi samuwa ga wanda ba ya tsoron a tura shi nesa. Dukkan wannan na rataye ne da abu ɗaya: izinin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Kuɗi. Idan bai fito ba, ko ka zo na ɗaya a jarrabawa sai ka jira. Idan an ɗauke ka ma, albashin farko na iya ɗaukar watanni kafin lambar ma'aikaci ta fito daga ofishin Babban Akanta, a biya ka a dunƙule. Duk wanda ya kira ka ya ce yana da gurbin "furotoko", wato na alfarma, ka tura kuɗi ta MoMo, asusun waya, ɓarawo ne. Kuɗin da ake biya a wasu ayyukan na sayen fom ne, ana kuma sanar da shi a fili.

Game da abin da za ka karanta, ba dole sai kimiyyar siyasa ba. Masu ita sun yi yawa. Tattalin arziki, ƙididdiga, tsara birane da jami'ar KNUST ta Kumasi ta yi suna a kai, akanta, sayen kayan gwamnati, kwamfuta, duk suna da guraben da ba a cika turereniya a kansu ba, digiri na biyu a jami'ar GIMPA ko ta Legon kuma zai zo daga baya. Abin da jarrabawa da ganawa ke tonawa shi ne rubutu. Wanda ba ya iya taƙaita rahoton shafi ashirin a shafi ɗaya da Turanci mai tsabta zai sha wuya, ko da sakamako mai daraja ta ɗaya ya fito. Sannan kana da jarin da ba ka ƙirga ba. Ƙasashe uku da ke kewaye da Gana duk Faransanci suke yi, Gana kuma ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci a 2024. Yaron da iyayensa suka fito daga Nijar ko Togo, yana da Faransanci, ga Larabcin makaranta, ga Hausa, Ma'aikatar Harkokin Waje da kwastan na bukatar irinsa. Amma harshen baki ba ya shiga fayil, je ka yi jarrabawa ka karɓi takarda. Wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar ko Sudan ko Nijeriya kuwa, ya kai takardarsa GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, a tantance ta da fassararta tun kafin a buɗe shafin nema, domin tantancewar na cin lokaci, shafin kuma ba ya jira.

Ka kuma bambanta ma'aikaci da ɗan siyasa, domin a wasiƙarka ka haɗa su. Sashe na 94 ya hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan majalisa yana kan aiki, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 cewa ma'aikaci na iya zama ɗan jam'iyya amma ba zai riƙe mata muƙami ko ya yi mata aiki a fili ba. In ka zaɓi ofis, rigar TEIN ko TESCON, ƙungiyoyin ɗalibai na jam'iyyun siyasa, da ka sa a jami'a da zagin da ka zuba a Facebook za su riga ka isa duk ma'aikatar da aka tura ka, gwamnati kuma tana juyawa. Shugabanci a GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko majalisar ɗalibai ya ishe ka koyon taro da kasafi. In kuwa siyasar ce a ranka, ƙofar da ta fi kusa ita ce zaɓen majalisar gunduma, wanda ba a yi da tutar jam'iyya, duk shekara huɗu, na baya an yi shi a Disambar 2023. Shekara 18 ta isa, da katin zaɓe, da zama a gundumar. Asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, da ya bi kwatar Aboabo da fitilun titi da takardun Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, ya fi mai digiri biyu sanin yadda kuɗin gwamnati ke tafiya da inda yake maƙalewa. Majalisar ƙasa kuwa sai shekara 21, kuma ko kai ɗan asalin mazaɓar ne, ko kana zaune a cikinta, ko ka zauna a can shekara 5 cikin 10 da suka wuce. Ba a fara a kanka ba: marigayi Alhaji Aliu Mahama ya yi Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Alhaji Muntaka Mubarak kuma yana wakiltar Asawase tun 2005.

Malam Edita, sauran maganarmu ga limamai da sarakunan zango ce. Rajistar haihuwa kyauta ce a cikin wata 12 na farko, bayan nan sai an biya, ga kuma tambayoyi. Liman da ya zo raɗin suna da safe, kafin a raba goro, ya tambayi uban jariri ko ya je ofishin rajista, ya kuma rubuta masa sunan da boko a takarda yadda za a riƙa rubuta shi har abada, harafi da harafi. Fadar kowane sarkin zango ta ajiye littafi mai bango: sunan jariri, ranar haihuwa, sunan uwa da uba, da garin da aka haifi kakanni huɗu. Littafin ba zai maye gurbin takardar gwamnati ba, amma yaron da zai tsaya gaban jami'i bayan shekara ashirin zai san abin da zai faɗa, lokacin da tsohuwar da ta sani ta riga mu gidan gaskiya.

Wassalam.

Wasu tsofaffin ma'aikatan gwamnati,
Aboabo, Kumasi.